Saniya Na da Takardar Ƙetare Iyaka, Mai Lauje Ba Shi da Ita

Idan kaka ta yi, aka gama yankan gero a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji, aka zuba dammuna a rumbu, magidanci yakan tsaya ya yi lissafi. Ya san yawan bakunan da ke jiran tuwo a gidansa, ya kuma san watannin da suka rage kafin sabon gero ya nuna. In lissafin bai kai ba, kuma sau da yawa ba ya kaiwa, sai samarin gidan su ɗauki lauje da ɗan bargo su nufi kudu. Wasu su bi ta Ɗan Isa su faɗo Jibiya, wasu su bi tsofaffin hanyoyin ƙafa su ɓullo ƙasar Zurmi. A lokacin dawa ba ta gama nuna ba a Zamfara, wake na jiran roro, masu fadama a bakin Bunsuru da Gagare kuma sun fara shirin noman rani. Aiki na neman hannu, hannu kuma ya zo neman aiki.

A gari irin Dauran, wanda ke kan hanyar da ta taso daga Ƙauran Namoda ta nufi Zurmi da Jibiya, cinikin ba ya ɗaukar lokaci. Mai gona ya zo da sassafe ya zaɓi 'yan ƙwadago, a daidaita kan kuɗin yini ko a yanke jinga, a faɗi ko da abinci ko babu, a tafi gona. Ba a rubuta komai. In mai gona mutumin kirki ne, ma'aikaci ya koma gida da kuɗin hatsi da na sutura. In ba haka ba, ya koma da haƙuri. In kuwa 'yan bindiga suka tare shi a bayan gari, ko 'yan sa-kai suka yi masa kallon ɗan leƙen asiri, babu wani littafi a duk faɗin Najeriya da sunansa ke ciki.

A ƙasashen da suka ci gaba ana ta muhawara kan yadda za a gyara bizar wucin-gadi ta baƙin da ke aikin gona. A can matsalar ita ce takarda ta yi nauyi har ta zama mari a ƙafar ma'aikaci. A iyakar Zamfara da Maraɗi kuwa takardar ce babu. Ƙarshen hanyoyin biyu ɗaya ne: mutum yana aiki a ƙasar da ba tasa ba, kuma ba ya iya buɗe baki ya ce an zalunce shi. Najeriya da Nijar na bukatar katin ci-rani na musamman ga masu aikin gona, kuma darasin da ya kamata a ɗauko daga kurakuran waɗancan ƙasashe shi ne katin ya zama mallakar ma'aikaci, kada ya zama na mai gona.

Tafiyar da ta girmi iyaka

Ci-rani ya riga fasfo zuwa wannan yanki. Kafin Ingila da Faransa su ja layin da ya raba Katsinar Maraɗi da Katsina, ya raba Gobir ta Tsibiri da ta Sabon Birni, mutane na sauka kudu da rani suna komawa arewa da faɗuwar ruwa. Zuwan Turawa ƙara wa tafiyar ƙarfi ya yi. A ɓangaren Faransa akwai haraji mai nauyi da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. A ɓangaren Ingila akwai kasuwar gyaɗa da auduga, ga layin dogo da ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya mayar da garin matattarar amfanin gonar da za a fitar. Masu gonakin da ke ciyar da wannan tasha ba su taɓa wadatuwa da hannun 'yan gida kaɗai ba.

Zamfarawa ma tafiya suke yi. Masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya yi nazari a kan ƙidayar 'yan ci-rani da aka gudanar a Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, lokacin da Zamfara ke cikin lardin, ya nuna yadda dubban magidanta ke fita duk shekara zuwa ƙasar Yarbawa da Gana, tare da 'yan'uwansu da suka sauko daga ƙasar Faransa. Bayan shekaru fiye da arba'in, David Rain ya yi irin wannan bincike a Maraɗi, ya wallafa littafinsa a 1999, ya tarar tafiyar na nan daram. Dalilinta bai sauya ba: damina ɗaya ce a shekara, gajeriya ce, kuma gidan da ya rage baki biyu ko uku a watannin rani ya tsawaita ran rumbunsa.

Dokar da ba ta san kaka da rani ba

A takarda, ɗan Nijar da ke yankan dawa a Zurmi yana da kariya. Yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar ranar 29 ga Mayu, 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya. Wanda zai wuce haka, ko zai zauna ya yi aiki, sai ya nemi katin zama daga hukumar shige da fice. An tsara wannan ne da ɗan kasuwa da ma'aikacin kamfani a zuciya. Ɗan ci-rani yana zuwa a watan Oktoba ko Nuwamba, ya koma a Mayu ko Yuni. Wata shida ne ko bakwai, ninki biyu na abin da aka yarje wa baƙo, kuma bai kai zaman da zai sa mutum ya bar aikin yini ya tafi Gusau neman kati ba. Yawancinsu ma ba su da fasfon da za a buga wa hatimi tun farko.

Dokokin ƙwadago na Najeriya su ma sun tsallake shi. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2024 aka ɗaga adadin zuwa naira 70,000, ta cire masu aikin da ke bin yanayi irin na gona, ta kuma cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dokar ƙwadago ta ba mai aiki wata uku kafin ya miƙa wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, alhali jingar yankan shinkafa a mako guda take ƙarewa. Kotun da tsarin mulki ya danƙa wa rigingimun ƙwadago, wato Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kotu ce ta manyan birane da lauyoyi. Wanda aka riƙe wa ladan kwana goma ba zai isa ƙofarta ba. Najeriya da Nijar duk sun shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin baƙin ma'aikata a 2009, amma labarinta bai kai bakin gona ba.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne dabba ta fi mutum gata a wannan fanni. Tun 1998 ECOWAS ta samar da takardar shaidar ƙetare iyaka ga garken da ke tafiyar kiwo, mai ɗauke da yawan dabbobi, rigakafin da aka yi musu, da hanyar da za su bi. Ko da ba kowane makiyayi ke riƙe da ita ba, an dai yarda cewa tafiyar saniya mai bin yanayi ce, aka yi mata takarda daidai da tafiyarta. Kaya ma ana shimfiɗa musu layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya. Mai lauje kaɗai ne aka bari ya yi ta wucewa kamar ba a gan shi ba.

Ko wannan 'yar kariya ta kwana 90 yanzu a kan siraɗi take. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. A ranar ƙungiyar ta nemi mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe, su kuma bar su su yi zirga-zirga kamar da, har sai an ba da wata sanarwa. Ƙasashen uku su ma sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Alheri ne daga ɓangarorin biyu, sai dai abin da sanarwa ta bayar, sanarwa na iya karɓewa.

Mutanen wannan iyaka sun san haka a jikinsu. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka kori mutane wajen miliyan biyu. An fi tuna 'yan Gana, amma akwai 'yan Nijar masu yawa a cikinsu. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A kowane karo masu ci-rani ba su daina ƙetarewa ba. Hanyar ce ta ƙara tsawo, kuɗin da ake karɓa a shingaye ya ƙaru, kuma mai gonar da ya so danne lada ya sami abin da zai tsorata ma'aikaci da shi.

Inda takarda ta zama mari

Da sauƙi a ce a kwaikwayi ƙasashen da ke da tsari. Amma kafin a kwaikwaya, ya kamata a duba abin da tsarin ya haifar.

Amurka ta fara da shirin Bracero, daga 1942 zuwa 1964, inda aka rattaba kwangiloli wajen miliyan huɗu da rabi da ma'aikata daga Meziko. A shekarun farko ana cire kashi goma cikin ɗari na ladansu da sunan ajiya, a biya su in sun koma gida. Da yawa sun tsufa sun mutu ba su ga kuɗin ba. Bizar H-2A da dokar 1986 ta samar ita ce magajiyarsa, kuma ta bunƙasa daga ƙasa da 50,000 a 2005 zuwa fiye da 300,000 a 2023. Sharuɗɗanta a rubuce suna da kyau: masauki kyauta, kuɗin mota, ladan da gwamnati ta ƙayyade, da tabbacin biyan aƙalla kashi uku cikin huɗu na lokacin da aka yi alkawari. Matsalar tana wuri ɗaya. Mai gona ne ke neman bizar, kuma sunansa ne a kanta. Ranar da ma'aikaci ya bar gonar, izinin zamansa ya fara tangal-tangal. A Nuwambar 2021 masu gabatar da ƙara a jihar Jojiya suka tuhumi mutum 24 da safarar irin waɗannan ma'aikata. Takardar tuhumar ta ce an ƙwace musu fasfo, an sa su tonon albasa da hannu a kan senti 20 kowane bokiti, ana yi musu barazana da bindiga. Dukansu da biza suka shiga ƙasar.

Kanada ta fara nata shirin a 1966 da ma'aikata daga Jamaika, Meziko ta shiga a 1974, kuma ma'aikaci na iya zama har wata takwas. A can mai gona na da damar ambaton sunan wanda yake so ya dawo masa baɗi, don haka wanda ya yi ƙorafi bana ya san abin da ya jawo wa kansa. A 2023 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan bautar zamani, Tomoya Obokata, ya ziyarci ƙasar ya yi gargaɗin cewa izinin aiki da aka ɗaure da mai aiki ɗaya na share wa bauta fage. Birtaniya ta buɗe tata bizar ta wata shida a 2019 da gurabe 2,500, ta faɗaɗa ta zuwa dubun dubata, sai ga rahotanni a 2022 cewa ma'aikata daga Indonesiya sun ci bashin dubban fam sun biya dillalai kafin su taka gonar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin kusan kowane gari na da wanda ya je Saudiyya aiki ya ɗanɗani tsarin kafala, inda fasfo ke kwana a aljihun kafili.

Wannan bai sa shirye-shiryen suka zama banza ba. Binciken da aka yi kan shirin da ƙasar New Zealand ta fara a 2007 ya nuna kuɗin shigar iyalan ma'aikata a Tonga da Vanuatu ya ƙaru sosai. Tafiya mai tsari na amfanar talaka. Abin da ke lalata ta abu biyu ne da suke maimaituwa a ko'ina: ɗaure ma'aikaci da mai gona ɗaya, da barin dillali ya tsaya tsakanin mutum da takardarsa.

A nan ne ɗan ci-ranin Dauran ya fi takwaransa na Jojiya da abu ɗaya mai daraja. In mai gona ya yi masa wulaƙanci yau, gobe yana gonar wani. Ƙafarsa ita ce ƙungiyar ƙwadagonsa. Duk gyaran da zai ba shi kati ya karɓe masa wannan 'yanci, cuta ce aka yi masa da sunan taimako.

Yadda katin ya kamata ya kasance

Ba sai an jira ECOWAS da ƙawancen ƙasashen Sahel sun gama sasantawa ba. Najeriya da Nijar na da hukumar haɗin gwiwa tasu tun 1971, mai mazauni a Yamai, wadda aka kafa don irin waɗannan lamurra na maƙwabtaka, kuma ba ta rataya ga zaman Nijar a ECOWAS ba. Ta hannunta ƙasashen biyu na iya ƙulla yarjejeniya ƙarama mai aiki ɗaya.

Katin ya ɗauki tsawon wata takwas, daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, kuma wanda ya koma gida ya sami damar sabuntawa baɗi ba tare da sabon bincike ba. A rubuta sunan ma'aikaci, hotonsa, ƙauyensu, da wanda za a nema in wani abu ya same shi. Kada a rubuta sunan mai gona ko ɗaya. Mai katin ya yi aiki a gonar da ya ga dama cikin jihohin da ke kan iyaka. Mai gona ko mai masaukin da ya riƙe katin wani a matsayin jingina, a ɗauke shi mai laifi.

Kuɗinsa kada ya wuce ladan yini ɗaya, in ma ba a bayar kyauta ba, domin kowace naira da aka ƙara a kai gayyata ce ga dillali da ɗan jabu. A riƙa bayarwa inda mutanen suke: a mashigar Jibiya da Ɗan Isa, a Illela da Birnin Ƙwanni, a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, a Zurmi da Ƙauran Namoda. Da yawa daga cikin samarin karkarar Maraɗi ba su da takardar haihuwa. Shaidar mai garinsu ta wadatar. Kuma rashin katin kada ya zama laifin da za a kama mutum a kansa. In aka mayar da shi dole, an ƙara wa masu shinge wata hanyar karɓar na goro ne kawai. Abin da zai ja mutane su karɓe shi shi ne amfaninsa.

Amfanin farko shi ne lada. Shige da fice da dokar ƙwadago na hannun gwamnatin tarayya, amma masarautu da ƙananan hukumomi na hannun jiha, kuma a nan ne Gusau ke da abin yi tun yau. Kowace gunduma ta ajiye littafi a wurin sarkin noma ko mai unguwa, inda duk jingar da ta wuce mako guda za a rubuta ta a layi uku: wane aiki, nawa, yaushe za a biya. Wannan ba baƙon abu ba ne a jihar da ta san fikihu, domin sharaɗin ijara shi ne a san aikin a kuma san ladan. In rigima ta taso, hakimi ya zaunar da su cikin mako, kafin ma'aikaci ya gaji ya tafi. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne wanda ya kawo ƙara kada a tambaye shi yadda ya shigo ƙasa. Ranar da ƙorafi ya zama hanyar kora, littafin ya mutu.

Abin da masu ja za su ce

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba a raina ta. Mutanen Zurmi da Shinkafi sun binne 'yan'uwa da yawa. Sun ga 'yan bindiga na ɗora wa ƙauyuka haraji kafin shuka da kafin girbi, suna tilasta wa magidanta noma a gonakin da suka ƙwace. Sun san makamai na shigowa ta iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500. A 2021 har layukan waya aka katse, aka rufe kasuwannin mako. Wanda ya ga wannan, in aka ce masa a sauƙaƙa wa baƙo shigowa, dole gabansa ya faɗi.

Sai dai baƙon yana shigowa ko an sauƙaƙa ko ba a sauƙaƙa ba, kuma a yanzu babu mai iya bambance mai neman jinga da mai kai rahoto. Wannan duhu ɗan ta'adda yake yi wa amfani. Kati ba zai kama ɗan bindiga ba, kuma duk wanda ya yi wannan alkawari ya faɗi abin da ba zai iya cikawa ba. Mai ɗauke da bindiga ba ya bin layi a ɗauki hotonsa. Abin da kati zai yi shi ne ya rage yawan mutanen da ba a san ko su wane ne ba, ya ba mai unguwa abin dubawa, ya ba saurayin da 'yan sa-kai suka tsare da magariba abin nunawa kafin a yanke masa hukunci a bakin hanya. Yana da kyau a kuma tuna cewa yawancin jagororin dabar da suka addabi yankin an san sunayensu da garuruwan da aka haife su, kuma a cikin Najeriya suke.

Hujja ta biyu ita ce ta 'yan gida: samarin Zamfara na zaune babu aiki, me ya sa za a yi wa baƙo shimfiɗa? Amsar tana cikin yadda lada ke faɗuwa. Mai gona na fifita baƙo ne idan baƙon ya fi arha, kuma yana fin arha ne saboda tsoro ya hana shi ciniki da ƙara. Ma'aikacin da ke iya ƙin tayi, yana iya kai ƙara, ba zai karya farashi ba. Littafin jinga kuma na kowa ne. Ɗan Moriki da aka riƙe wa lada zai amfana da shi kamar ɗan Madarunfa. Ga wani abu da manoma suka fara lura da shi: tun da darajar naira ta faɗi a 2023, abin da ɗan ci-rani ke kaiwa gida in ya canja zuwa sefa ya ragu ƙwarai. Ga hatsarin hanya, ga ragin riba. Babu tabbacin cewa hannun da aka saba samu da kaka zai ci gaba da zuwa, kuma dawar da ta wuce lokacin yanka ta tsuntsu ce da gara.

Hujja ta uku ita ce hukuma ba za ta iya ba, katin zai zama wata kafar cin hanci. Wannan tsoro na da tushe, shi ya sa sharuɗɗan arha, rashin tilas da rashin dillali suke cikin ginin tsarin tun daga tushe. Kuma ba sai an fara da iyaka gaba ɗaya ba. A gwada kaka biyu tsakanin ƙananan hukumomin Zurmi, Shinkafi, Ƙauran Namoda da Jibiya a nan, da gundumomin Madarunfa da Gidan Runji a can. A ƙirga mutum nawa suka karɓa, ƙara nawa aka kawo, nawa aka biya. In ya yi aiki a faɗaɗa, in bai yi ba a san inda ya karye.

Gobe wa zai zama baƙo?

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta shafi Bazamfare fiye da yadda yake zato. Tun daga 2019 dubun dubatan mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga suka ƙetara jihar Maraɗi. Ƙauyukan kan iyaka ne suka fara karɓarsu a zaurukansu, kafin hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka a tsugunar da wasu a wurare irin su Garin Kaka da Cadakori. Magidantan da a da suke ɗaukar 'yan ƙwadago, wasunsu yanzu da ƙwadago a gonar wani suke ciyar da iyali. Katin da zai kare ɗan Nijar a fadamar Shinkafi shi ne zai kare ɗan Zurmi a gonar Gidan Runji, domin yarjejeniya ce mai fuska biyu.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, kuma ɗan ci-rani ya fi kowa cika wannan magana: da hadari ya fara haɗuwa a gabas, hankalinsa ya koma gonar gida. Abin da ke hana irinsa komawa shi ne fargabar cewa in ya fita ba zai sake samun shiga ba. Amurka ta ga haka bayan ta tsaurara iyakarta da Meziko, inda masu zuwa su koma suka zama masu zuwa su zauna. Wanda ke da tabbacin dawowa baɗi ba shi da dalilin maƙalewa bana.

Gwamnatin Zamfara na alfahari da noma a takenta. Gwamnonin jihohin kan iyaka da sarakunan yankin na da bakin da Abuja ke saurare, kuma suna da zumunci da Maraɗi wanda juyin mulki bai yanke ba. Su ne ya kamata su kai wannan bukata gaban hukumar haɗin gwiwa, tun kafin wata sanarwa ta fito daga Abuja ko Yamai ta mayar da dubban masu yankan dawa baƙin haure a dare ɗaya. Littafin jinga kuwa ba ya jiran kowa. Hakimin da ya sayi littafi mai bango da alƙalami a kasuwar Dauran zai iya buɗe shi kafin dawar bana ta nuna.